Kunama da Saiti: Tarihin Gyaran Ƙaramar Bindiga Daga Filin Gasa Zuwa Ƙugu

A kasuwar makamai ta Amurka, inda doka ta yarda farar hula ya mallaki ƙaramar bindiga, a jihohi da yawa ma ya ɗaura ta a ƙugu ya fita da ita, abu biyu ne mai saye yake fara tunanin sauyawa da zarar ya fito da ita daga kwali: kunama da saiti. 'Yan kasuwa suna tallata su a haɗe, a sassauta kunama, a ɗora saiti mai kyau, shi ke nan bindiga ta gyaru. A Najeriya maganar ba ta ko taso ba, domin dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, don haka labarin na Turai da Amurka ne. Amma wanda ya bi shi daga tushe zai tarar cewa waɗannan gyare-gyare biyu ba uwa ɗaya ta haife su ba. Saiti yana ƙara wa maharbi sanin inda harsashi zai faɗa, kuma kusan duk ci gaban da aka samu a kansa a filin gasa ya ƙetara zuwa bindigar ɗan sanda da ta mai tsaron kai ba tare da ya jawo wata babbar asara ba. Kunama kuwa ita ce shinge na ƙarshe tsakanin niyya da aikatawa, kuma duk lokacin da aka ɗebo sassaucinta daga filin gasa aka kai ƙugu, sai an biya da wani abu, wani lokaci da ran mutum.

Bindigar farko ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Wadda aka tono a Heilongjiang ta ƙasar Sin, da masana suka ce an ƙera ta a 1288 ko kafin haka, bututun tagulla ce kawai mai ɗan rami a baya: a ɗura albarushi, a kanga wa ramin wuta. Mutumin da hannunsa ɗaya ke riƙe da bututu, ɗayan na riƙe da garwashi, idonsa kuma yana neman ramin, ba shi da sauran abin da zai auna abokin gaba da shi. A ƙarni na 15 maƙeran Turai suka liƙa wa bindiga wani lanƙwasasshen ƙarfe mai riƙe da lagwani mai ci, idan an matsa ƙasansa sai samansa ya sunkuya cikin albarushi. Wannan ne kakan kunama, kuma shi ya sakar wa ido mara, domin sai da yatsa ya karɓi aikin kunna wuta sannan ido ya sami damar bin tsawon bututu, aka fara dasa alamar saiti a dogayen bindigogi. Ƙaramar bindiga ta jira har wajen 1500, lokacin da aka fito da wata 'yar ƙafar ƙarfe mai sifirin, wadda ake wanawa da makulli, a ja kunama ta juya ta gogi dutse ta ba da tartsatsi. Ana cewa Leonardo da Vinci ne ya ƙago ta, kuma gaskiya ne akwai zanenta a takardunsa, amma masana da dama suna ganin aikin maƙeran Jamus ne. Abin da ba a gardama a kansa shi ne sakamakon. A karo na farko mutum zai iya ɗura bindiga, ya ɗana ta, ya ɓoye ta a cikin riga ba hayaƙi ba wuta. Sarki Maximilian na Ɗaya ya haramta irinta a ƙasashensa a 1517 da 1518, kuma a ranar 10 ga Yuli 1584 da irinta aka kashe William na Orange a gidansa da ke Delft. Tun daga nan hukuma ta fara kallon bindigar da ke shirye a ƙugu da wani ido daban.

Wajen 1610 aka daidaita bindigar ƙanƙara a Faransa, aikin da ake danganta wa maƙeri Marin le Bourgeoys. Cikin abubuwan da ta zo da su akwai rabin ɗani, wato wata gaɓa da guduma take tsayawa a kai kafin ta kai ƙarshe, inda ko an ja kunama ba za ta faɗi ba. Maƙeran sun riga sun gane cewa bindigar da za a yi yawo da ita tana bukatar wani abu da zai tsaya tsakanin yatsa da wuta. Saiti kuwa bai dame su ba, don fistol ɗin mahayin doki makami ne na kusa da kusa, ana kusan dafa wa mutum bakinta kafin a harba.

Kunama mai sassauci ta shigo ƙaramar bindiga ne ta wata mummunar al'ada, wato fito-na-fito na manyan mutane don kare mutunci. Daga shekarun 1770 maƙeran Landan irin su Robert Wogdon da Joseph Manton suka ƙware wajen ƙera fistol biyu iri ɗaya a akwati ɗaya, masu saiti gaba da baya, wasunsu da wata dabara a ciki: a tura kunama gaba ta ɗanu, daga nan taɓawa kaɗan ta isa ta tashi. A lura da yanayin da aka ƙera ta dominsa. Mutum biyu ne a tsaye da rana a fili, an auna tazara, wakilai sun ɗura bindigogin, kowa ya san lokacin da za a ba da alama, harbi ɗaya ne kuma a gama. Wannan, duk da jinin da ke cikinsa, filin gasa ne. Fitaccen misali shi ne karon 11 ga Yuli 1804 a Weehawken ta jihar New Jersey, inda mataimakin shugaban Amurka Aaron Burr ya harbi Alexander Hamilton, wanda ya rasu washegari. Bindigogin na kamfanin Wogdon ne, kuma suna da wannan kunama. A shekarun 1970, da aka kwance su don a ƙera kwafinsu, sai labari ya bazu cewa an gano wani ɓoyayyen sirri da Hamilton ya so ya cuci Burr da shi, har wasu suka ce kunamar ce ta tashi kafin ya gama aunawa. Wannan zato ne. Abin da ke rubuce shi ne wakilinsa, Nathaniel Pendleton, ya ce ya tambaye shi ko a ɗana kunamar ya ƙi, kuma irin wannan dabara sananniya ce a fistol masu tsada na zamanin.

Ƙarni na 19 ya raba hanya gida biyu. Bayan limamin coci ɗan Sikotland Alexander Forsyth ya yi rajistar hanyar kunna albarushi da bugu a 1807, jinkirin da ke tsakanin jan kunama da fitar harsashi ya ragu, saiti ya fara yin amfani sosai. Samuel Colt ya sami rajistar libarbarsa a Amurka a watan Fabrairun 1836. Tsarinsa shi ne a ɗana guduma da babban yatsa kafin kowane harbi, aikin kunama kawai ta sake ta, don haka gajera ce mai sauƙin ja. Wanda ya riƙe Colt Navy ta 1851 zai ga saitin gaba ɗan ƙurjin tagulla ne a bakin bututu, na baya kuwa wata 'yar tsaga ce a kan gudumar kanta, wadda ba ta bayyana a gaban ido sai an ɗana. A shekarar 1851 ɗin dai Robert Adams na Landan ya nuna tasa libarbar, wadda jan kunama ɗaya mai tsawo da nauyi yake ɗana guduma ya kuma sake ta. Ta Colt ta fi cin nesa, ta Adams ta fi sauri a cikin turmutsutsu, kuma ana ba da labarin hafsoshin Ingila da suka dawo daga yaƙin Kirimiya suna cewa saurin nan ne ya cece su. A 1855 gyaran Laftanar Frederick Beaumont ya haɗa hanyoyin biyu a bindiga ɗaya, sojan Ingila ya karɓe ta. Duk muhawarar da ake yi yau tsakanin kunama mai sauƙi da mai nauyi, a waɗannan shekaru biyar aka kafa ta.

Game da yammacin Amurka, finafinai sun cika kunnuwan mutane da labarin 'yan bindigar da ke goge saitin gaba da zarto don kada ya maƙale, ko su ɗaure kunama su riƙa fyaɗa guduma da tafin hannu. Wasu sun yi hakan, amma takardun da suka rage suna nuna wani abu daban. A 1885 ɗaya daga cikin 'yan bindigar, Bat Masterson, ya aika wa kamfanin Colt wasiƙa daga Dodge City yana odar libarba, ya nemi a sassauta masa kunama ƙwarai, saitin gaba kuma a yi shi ya ɗan fi na kullum tsawo da kauri. Mutumin da ya san faɗan gaske ƙarin saiti ya nema, ba a rage masa ba. Ga sassaucin kunama kuwa yana da kariyar da mai fistol na yau ba shi da ita, domin Colt ta 1873 ba ta tashi sai an ɗana guduma, kuma masu hankali suna ɗura harsashi biyar ne su bar guduma a kan gurbi na shida wanda ba kowa. Wanda ya yi sakaci ya gani. A Janairun 1876 wata jaridar Wichita ta ba da labarin yadda libarbar wani mai suna Wyatt Earp ta suɓuce daga kube ta faɗi ta tashi, harsashin ya huda rigarsa. Maganin wannan sai da ya fito daga cikin bindigar, lokacin da kamfanin Iver Johnson a shekarun 1890 ya sa wani ɗan ƙarfe da ke hana guduma kaiwa ga harsashi sai an ja kunama har ƙarshe.

A ƙarshen ƙarnin harbin bara ya zama wasa mai dokoki. Colt ta fitar da samfurin Bisley a 1894, sunan filin harbi na Ingila, kuma a gasar Olamfik ta farko a Atina a 1896 'yan'uwa biyu Amurkawa, John da Sumner Paine, suka ci zinariya a harbin fistol. A wannan zamanin ne wani maharbi mai suna Patridge ya kawo tsarin da har yau shi ne tushen saitin ƙarfe: tsinken gaba mai faɗi da lebur ɗin kai, tsagar baya mai kusurwa huɗu. Maharbi ya daidaita kan tsinke da kafaɗun tsaga, ya bar haske daidai wa daida hagu da dama. Hikimar ita ce ido ya fi saurin gane bambancin faɗin haske biyu da ke kusa da juna fiye da neman tsakiyar ɗan ƙurji a cikin tsaga mai tsini. Wannan tsari ya ƙetara zuwa bindigar aiki cikin ruwan sanyi. Fistol ɗin John Browning da sojan Amurka ya karɓa ranar 29 ga Maris 1911 ta zo da saiti ƙanana ƙwarai, kuma cikin gyaran da aka yi mata a shekarun 1920 akwai faɗaɗa tsinken gaba da gajarta kunama. Matsala ɗaya da saitin gasa ya kawo ita ce kaifin kusurwarsa yana cin kube yana kama riga, sai aka kwantar da gabansa ya zama gangare, tsarin da ke ɗauke da sunan Frank Baughman na hukumar FBI. Gyara ɗaya ya wadatar. A gefen kunama kuwa, gyaran da aka yi don masu ɓoye bindiga a wannan zamanin abin tsoro ne. J. H. FitzGerald na kamfanin Colt ya riƙa yanke gaban zoben da ke kare kunama don yatsa ya isa da sauri. Manyan mutane sun saya, amma yau da wuya a sami malamin harbi da zai yarda ɗalibinsa ya sa irinta a aljihu.

Babbar suka ga duk wannan ta fito daga Shanghai. William Fairbairn, wanda ya shiga 'yan sandan birnin a 1907 ya kuma ga faɗan bindiga a lunguna fiye da kusan kowa a zamaninsa, ya wallafa littafi tare da Eric Sykes a 1942 mai suna Shooting to Live. Hujjarsu ita ce faɗan gaske yana faruwa a duhu, a tazarar taku kaɗan, cikin firgici, inda idon mutum yake kafewa a kan mai son kashe shi, ba ya ko ganin saiti. Don haka a koya masa nuna bindiga kamar yadda yake nuna abu da yatsa. Sun ɗauki harbin bara na gasa a matsayin abin da ke ɓata ɗan sanda. Wannan ba magana ce ta wasa ba, kuma a taku biyu ko uku tana nan da ƙarfinta. Sai dai Fairbairn yana magana ne a kan saitin da ya sani, baƙin ƙarfe siriri da ko da rana sai an ƙura ido, kuma a kan 'yan sanda masu yawa da ba a da harsashin horar da su sosai. Abin lura kuma shi ne yadda ya bi da kunama. Mutanensa suna yawo da fistol ba harsashi a baki, sai sun zaro sannan su ja su ɗana. Wato mutumin da ya raina saiti bai raina haɗarin kunama ba.

Amsar ta zo daga Kalifoniya. A shekarun 1950 tsohon hafsan sojan kundumbalar ruwa Jeff Cooper ya fara shirya gasar zaro bindiga da harsashin gaske a Big Bear Lake. Kusan kowa daga ƙugu yake harbi da hannu ɗaya, har wani mataimakin sherif mai suna Jack Weaver ya fara ɗaga bindiga zuwa ido da hannu biyu, ya ci gasar 1959. Ya ɗan fi su jinkiri, amma yana samu, su suna kuskure. Cooper ya gina koyarwarsa a kan haka, a watan Mayun 1976 kuma aka kafa ƙungiyar harbi ta duniya IPSC a Columbia ta jihar Missouri, shi ne shugabanta na farko. Daga wannan da'ira ne sana'ar gyaran fistol ta zamani ta tsiro. Maƙera irin su Armand Swenson suka riƙa ɗora wa fistol ɗin 1911 manyan saiti, suna goge gaɓoɓin kunama har ta riƙa karyewa tsaf ba tare da jan ƙafa ba. Nan ma hanyoyin suka rabu. Manyan saiti, musamman tsarin Wayne Novak mai kwantacciyar kusurwa na shekarun 1980, sun zama kayan masana'anta. Kunamar gasa kuwa, da aka rage cizon gaɓoɓinta da yawa, takan sa guduma ta biyo baya da kanta. A 1983 Colt ta ƙara wani makari a cikin fistol ɗin da ke kulle allurar bugu har sai an ja kunama. Maharban gasa sun yi ƙorafi cewa ya ɓata daɗin ja, wasu suka riƙa cire shi, kuma wannan cirewar ce gyaran da ya fi kowanne wahalar karewa a gaban alƙali idan bindigar ta ƙugu ce.

Mai son ganin iyakar da kunama za ta iya kaiwa ya dubi dokokin harbin Olamfik. A harbin mita 50, wanda aka cire daga wasannin bayan 2016, babu ƙayyadadden nauyi, kunama takan tashi da giram kaɗan, wasu ma da lantarki suke aiki. A fistol ɗin iska na mita 10 doka ta ce kada ta gaza giram 500, a na mita 25 kuma giram 1000, alƙalai suna rataya ma'auni su gwada. Ko a wurin da babu mai kawo hari, babu duhu, bakin bindiga kuma yana kallon bango, masu wasan da kansu sun ga dole a kafa ƙasa.

Farkon shekarun 1980 ya kawo Gaston Glock na Austriya da fistol mai gangar roba, wadda ba ta da guduma a waje kuma ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa. Kariyarta uku suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya yayin da ake jan kunama mai nauyin kusan kilo 2.5. Ta zo da saitin roba mai araha, shi ya sa sauya saiti ya zama abin da kusan kowane mai ita yake yi. A tsakiyar shekarun nan kamfanin Trijicon ya fara sayar da saitin dare, 'yan kwalabe kamar kan allura cike da iskar tiritiyam mai sa wani shafe na ciki ya yi haske ba tare da batir ba. Rabin ƙarfinta yana tafiya cikin kusan shekara 12, don haka saitin yana dushewa a sauya shi. Wannan ya amsa rabin sukar Fairbairn, wato ta duhu, ko da yake ganin saiti a duhu bai nuna wa mutum wane ne ke tsaye a gabansa ba.

'Yan sanda kuwa a wannan lokacin suna tafiya ne zuwa ɗaya gefen. A Disambar 1982 wani ɗan sanda a Miami ya harbe wani matashi baƙar fata a unguwar Overtown, tarzoma ta ɓarke, masu gabatar da ƙara suka ce ya ɗana gudumar libarbarsa ne ta tashi ba da niyya ba. Kotu ta wanke shi a 1984, amma rundunoni da dama, ciki har da ta Miami, sun gyara libarbobinsu yadda ba za a iya ɗana su da babban yatsa ba. Da 'yan sandan birnin New York suka koma fistol a shekarun 1990, sai suka nemi a ƙara wa kunama nauyi ya kai laba 12, kusan kilo biyar da rabi, don ya yi daidai da libarbar da jami'ansu suka saba da ita. A nan ne masu goyon bayan sassauci suke da hujja mafi ƙarfi, kuma dole a ba su ita. Fistol ɗin da jami'in ke riƙe da ita, har da harsasanta, ba ta kai kilo ɗaya ba. Neman ya ja kilo biyar da yatsa ɗaya ba tare da bakinta ya motsa ba kamar a ce ya ɗaga galan ɗin ruwa mai lita biyar da ɗan yatsa ne yayin da hannun ke ƙoƙarin zura zare a allura. Ranar 24 ga Agusta 2012, a gaban ginin Empire State, jami'ai biyu sun harba harsashi 16 kan wani mai kisan kai, suka kashe shi, amma masu wucewa tara suka ji rauni daga harsasan 'yan sandan da ɓarɓashinsu. Ba wanda zai iya rantsewa cewa kunama ce kaɗai sanadi, amma an yi ta nuna ta da yatsa. Sannan a Nuwambar 2014 wani sabon ɗan sanda da ke sintiri a wata matakala mai duhu a Brooklyn, fitila a hannu ɗaya bindiga a ɗayan, ya harba, harsashin ya bugi bango ya kashe wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kunamar mai nauyin ce, har masu taya alƙali yanke hukunci suka gwada jan ta da hannunsu kafin su same shi da laifi a 2016. Masana motsin jiki irin su Roger Enoka sun bayyana dalili: razana, ko tuntuɓe, ko damƙar wani abu da ɗayan hannun, suna sa yatsu su dunƙule da ƙarfin da ya wuce nauyin kowace kunama.

To idan nauyi bai hana haɗari ba, me ya sa ba za a sassauta har ƙasa ba? Domin abin da shari'ar Brooklyn ta nuna shi ne nauyi bai isa shi kaɗai ba idan yatsa yana inda bai kamata ba. Ba ta nuna cewa nauyi da tsawon ja ba su da amfani ba. Tsakanin cikakkiyar dunƙulewar hannu da rashin taɓawa akwai taɓawa iri-iri: bakin riga da ya shiga kube yayin mayar da bindiga, yatsan da ya yi sanyi ko yake cikin safar hannu, hannun da ke rawa bayan gudu. Kunamar kilo biyu da rabi mai ɗan tsawon tafiya tana haɗiye yawancin waɗannan, ta kilo ɗaya mai gajeren ja ba ta haɗiye su. Maharbin gasa yana ɗana bindigarsa da umarnin alƙali ya sauke ta bayan daƙiƙoƙi, mai ɗaure da ita a ƙugu kuwa yini guda take jikinsa, yana zama yana tashi, kuma sau da yawa idan ya zaro ta ba zai harba ba.

Saiti ya ci gaba da tafiyarsa ba tare da irin wannan cikas ba. Tun 1900 Howard Grubb na Dublin ya yi rajistar saitin gilashi mai nuna alama kamar tana kan abin da ake auna, a 1975 kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fitar da mai jan ɗigo na lantarki. A 1990 Jerry Barnhart ya ci gasar ƙasa ta Amurka da irinsa a kan fistol, Doug Koenig kuma ya ci ta duniya a Adelaide ta Ostireliya a shekarar. Na'urorin lokacin manya ne, ba sa shiga kube, har wasu maharba suka ga gasar ta zama tseren kayan aiki suka kafa ƙungiyar IDPA a 1996 don a koma bindigogin da ake iya ɗaurawa. Sai da gilashin ya ƙanƙance ya kuma iya jure bugun sama na fistol, kamar samfurin RMR na 2009, sannan Glock ta fara sayar da fistol mai gurbin ɗora shi a 2015. Amfaninsa daga halittar ido yake. Da saitin ƙarfe akwai abu uku a tazara uku, tsagar baya, tsinken gaba da abin harbi, ido kuma ɗaya kawai yake iya gani tar. Ana koya wa maharbi ya zaɓi tsinke ya bar mutumin ya yi dishi-dishi, abin da firgici ba ya yarda da shi, wanda kuma ke ƙara wuya bayan shekara arba'in. Da jan ɗigo ido yana kan mutumin, ɗigon yana bisa kansa. Wannan ita ce amsar sauran rabin sukar Shanghai, kuma tana da wata fa'ida da ta fi cin maki: wanda idonsa ke kan mutum zai fi ganin ko waya ce a hannunsa. Masu suka suna cewa batir yana mutuwa, gilashi yana fashewa ko ya yi hazo, wanda bai saba ba kuma yakan ɗaga bindiga ya rasa ɗigon. Duk gaskiya ne, shi ya sa ake barin saitin ƙarfe a bayansa kuma rundunoni suke sa horo na musamman kafin su ba da izini. Amma saitin da ya lalace yana mayar da mutum inda yake a da ne kawai, ba ya tayar da bindiga.

Shekarar 2017 ta ƙara wani darasi daga cikin masana'anta. A Janairu sojan Amurka ya zaɓi fistol ɗin SIG P320, a watan Agusta kuma, bayan an nuna cewa samfurin kasuwa yana iya tashi idan ya faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta. Cikin abin da aka sauya akwai ƙarfen kunamar kansa, aka sa wanda bai kai na da nauyi ba, domin a faɗuwar nauyin ƙarfen ne yake ci gaba da tafiya baya kamar yatsa ya ja shi. Idan injiniyoyin da ke da ɗakin gwaji za su iya tsallake irin wannan, mai sauya sifirin da gaɓoɓi a teburin gidansa yana taɓa lissafin da ba shi da hanyar gwadawa. A 2021 rundunar New York ta sanar cewa sababbin ɗaukanta za su karɓi fistol mai kunamar laba biyar, bayan gwajin da ta yi ya nuna sun fi samun bara da ita. Laba biyar ɗin, wato kilo 2.27, shi ne kuma mafi ƙarancin nauyin da IPSC ta daɗe tana gindayawa ga harbin farko a rukunin bindigogin masana'anta.